Layin da Oga Ya Soke

Allura ce ta jawo komai. Ta faɗo daga teburin yanka ta maƙale a cikin silifas ɗin Tela, shi kuwa ya wuni yana taka keken ɗinki da ita a tafin ƙafarsa ta dama bai ji komai ba. Shekara tara yana fama da ciwon suga, jijiyoyin ƙafafunsa sun daɗe da yin shiru. Matarsa ce ta ga jini a bakin ƙofa da ya dawo gida, ta bi sawun har inda yake zaune yana cin abinci hankalinsa kwance.

Bayan mako biyu ɗan hujin ya zama rami mai faɗin murfin kwalba, yana tsatsar ruwa, yana wari. Maƙwabcinsu, direban babbar mota, ya ce a kai shi asibitin ƙetaren gada, inda ake da sashe na masu ciwon ƙafa kaɗai. Tela ya so hakan. Ƙanwarsa ce ta hana.

Auta ake ce mata a gida. Tela ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu har ta gama karatun gwaje-gwajen asibiti, kuma shekararta biyu ke nan tana aiki a ɗakin gwaji na asibitin da ke kusa da su.

"Yaya, ina za ka je inda ba ka san kowa ba?" ta ce. "A can lamba ce kai. A nan kuwa duk abin da aka ɗebo daga ƙafar nan hannun Ogana zai faɗa. Mutumin da zai shinshina farantin gwaji ya gaya maka sunan ƙwayar cuta tun na'ura ba ta gama ɗumi ba."

"To, likitar gidanmu ta yi magana," in ji matar Tela, tana cusa zannuwa a jaka. "Mu da ba mu yi boko ba sai mu bi."

"Ke dai ki bi, Anti. Da kina duba silifas ɗin mijinki da ba mu zo nan ba."

"Au, yanzu ni ce allurar? Allah ya kawo naki mijin, mu ga yadda za ki riƙa bin takalmi da fitila."

Tela ya yi dariya har ya riƙe gwiwa. "Ku bar ni da ciwona. Auta, ƙafar nan ita ce shagona, kin sani. In kin ce a nan, to a nan ɗin."

Aka ba shi gado na shida a ɗakin maza, kusa da taga.

Oga shi ne shugaban ɗakin gwaji. Shekara talatin da ɗaya yana kan benci ɗaya, gilashinsa rataye da igiya a wuya, aljihun farar rigarsa cike da alƙaluman biro ja da baƙi. Shi ya koya wa Auta yadda ake riƙe wayar shafa faranti, shi ya tsaya mata lokacin da ta fasa kwalaben jini guda shida a makonta na farko. "'Yar gidana" yake kiranta. Da ta yi ciwon ido shi ya karɓi aikinta na kwana huɗu bai gaya wa kowa ba.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana dangwalo ruwan miki da auduga a tsinke, a shafa a faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, a rufe a akwatin ɗumi kwana biyu. Abin da ya tsiro a duba shi, a gwada masa magunguna, a rubuta wa likita sunansa da maganin da ke kashe shi. Sai dai a wannan ɗakin akwai wata al'adar aiki da ta girmi Auta. Idan yis, wato naman gwarin nan mai fari-fari, mai ƙamshin ƙullin burodi, ya tsiro tare da bakteriya, sai a ce baƙo ne, daga fata ya biyo auduga. A soke shi, a kai wa likita suna ɗaya. Ba a rubuta dokar nan a bango ba, ba wanda ya sa mata hannu. Shi ya sa ba wanda za a kama a tambaya, kuma shi ya sa ta daɗe.

Wata guda kafin allurar, a taron da ma'aikatan ɗakin ke yi kowane wata, Auta ta tashi da takardunta ta yi magana a kan wannan. Ta ce yis a cikin miki ba ya zama ɗan dunƙule kamar yadda ake ganinsa a faranti. Zare yake fitarwa, zaren ya sarƙe, bakteriya su maƙale a jikinsa, su biyun su lulluɓe kansu da yauƙi irin wanda ke kama cikin bututun ruwa. Maganin da ya kashe bakteriya a faranti, inda suke tsirara, idan ya je miki sai ya tarar da su a cikin gida an kulle ƙofa. Zaren kuma yana huda nama, yana shiga ciki da su.

Da ta tsaya nan da ba komai. Amma ta ga mutum biyu suna hamma, ɗaya yana danna waya, sai zuciya ta ɗebe ta.

"Abin da muke yi a ɗakin nan ya tsufa da shekara ashirin," ta ce. "Muna yi ne don haka muka tarar, ba don mun duba ba."

Oga ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga, ya yi murmushi. "To, mun gode, Farfesa. Allah ya ƙara basira." Aka yi dariya, sunan ya bi ta. Washegari ya gaishe ta kamar kullum, ya miƙa mata rabin lemon da yake ɓarewa. Ta ɗauka maganar ta wuce.

Doka ta hana ma'aikaci ya taɓa samfurin ɗan'uwansa, wannan kam a rubuce take. Don haka ranar da aka ɗebo na Tela, Auta ta kawo shi da hannu biyu ta ajiye a gaban Oga.

"Baba, na yayana ne. Don Allah ka ajiye farantin ya fi kwana biyu. In ka ga yis, ko ɗigo ɗaya ne, ka rubuta."

"'Yar gidana, yayanki ai ɗana ne. Ni da kaina zan duba. Je ki yi aikinki."

Sakamako ya fito da suna ɗaya da magani ɗaya. Ta tare shi a bakin famfo yana wanke hannu.

"Baba, babu yis?"

"Tsaf yake. Ƙwaya ɗaya, ba ta da abokin tafiya."

Aka ɗaura wa Tela maganin ta jijiya. Kwana goma ramin bai rufe ba, sai faɗi. Sistar ɗakin maza, wata doguwa mai muryar da ake ji daga barandar ƙarshe, ta kira Auta gefe wata safiya bayan ta gama wankin mikin.

"Ke 'yar lab, zo ki gaya mini. Jiya na kankare abin nan har ya yi ja. Yau na buɗe, yauƙin ya dawo kamar ban taɓa ba. Me kuke gani a can?"

"Ƙwaya ɗaya, Sista."

"Ƙwaya ɗayar nan kam jaruma ce."

Aka sake ɗiba. Suna ɗaya, aka canza magani. Auta ta sake tambaya, Oga ya sake cewa tsaf. Ta koma ta karanta takardunta, ta ce wa kanta ai ba kowane miki ne yake da yis ba, kuma ba ta fi mai shekara talatin ido ba. Ta ji kunyar ma yadda ta matsa masa. Tela ya fara zazzaɓi da yamma. Ƙaramin yatsansa da na kusa da shi suka yi duhu. Masu kawo ɗinki suka daina tambayar yaushe zai dawo, suka fara aiko a karɓo musu yadinsu.

"Likitar gidanmu, yaya dai?" in ji matar Tela, amma yanzu babu wasa a muryar. Ta rame, tana zaune a kan kujerar roba da kwanon abincin da bai ci ba a cinyarta.

"Maganin ne bai dace ba tukuna, Anti. Za a dace. Ogana na kai."

Aka ɗebi na uku, ta sake tambaya, Oga ya ce tsaf. Suna ɗaya.

A mako na biyar mai kula da tukunyar tururi, wadda ake dafa tsofaffin farantai a ciki kafin a zubar, ta tafi jinyar mahaifiyarta, aikin ya faɗo kan Auta. Da hantsi ta sa safar hannu ta jawo bokitin ƙarfe, tana jera farantai a kwando. Kowanne da lambarsa a ƙasa da baƙin alƙalamin maka. Ba nema take yi ba. Amma lambar samfurin yayanta na uku ta hardace ta kamar lambar wayarta, ga ta kuwa a hannunta.

Ta ɗaga farantin zuwa hasken taga. Ga ɗigogin bakteriya masu ruwan zinariya, kamar yadda aka rubuta. A tsakaninsu, da gefensu, har kan wasunsu, ga waɗansu farare masu kauri kamar an ɗiga man shafawa. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ta ɗan ɗaga murfin. Ƙamshin ƙullin burodi ya bugi hancinta ta cikin takunkumi.

Ta ce wa kanta wataƙila a cikin bokiti yis ɗin ya tsiro, bayan an jefar. Ta riƙe wannan tunanin da ƙarfi har ta isa bencin Oga. Ya fita, an kira shi ofis. Littafin bencinsa na nan, mai baƙin bango, inda yake rubuta abin da idonsa ya gani kafin a juya a takardar likita. Ba ta taɓa buɗe shi ba tare da izini ba. Ta buɗe.

Samfuri na farko: sunan bakteriya, a ƙasansa "yis, da yawa," da baƙin biro. An ja layi a kai da ja. Ta juya shafuka. Na biyu: "yis, da yawa ƙwarai." Jan layi. Na uku ma haka, sai dai layin nan sau biyu aka ja shi, har biron ya huda takarda.

A haka ya shigo ya same ta, littafin a buɗe, farantin a gefensa. Ya tsaya. Ya waiwaya ya ga ma'aikata biyu a ɗaya bencin, ya ce su je su karɓo jini a ɗakin mata. Sai da ƙofa ta rufe ya yi magana.

"Wa ya ba ki izinin buɗe littafina?"

"Baba, ka gani."

"Na tambaye ki."

"Sau uku ka gani. Sau uku na tsaya a gabanka na tambaye ka. Ka dubi idona ka ce tsaf."

Ya ja kujera ya zauna, ya fara jera alƙaluman biro a kan benci kamar aikin da ya kawo shi ke nan. "Yarinya, tun ba a haife ki ba nake ganin yis a mikin ƙafa. A fatar kowa akwai shi. In na rubuta duk wanda na gani, likitocin nan za su ɗura wa mutane maganin da zai taɓa musu hanta a banza. Kin san wannan ko littattafanki ba su faɗa ba?"

"Sun faɗa. Amma likita ne zai auna, ba mu ba. Namu mu faɗi abin da muka gani. Kai ka koya mini haka, ranar da na zo."

"Haka muke yi a nan."

"To na yarda, na farko haka kuke yi. Me ya sa ba ka ce mini ka gani ka soke ba? Da na yi gardama, da na je wurin likita da bakina. Me ya sa ka ce babu?"

Fankar sama tana juyawa tana kaɗa gefen shafin.

"Na biyu fa, Baba? Da ka ga magani bai ci ba? Da ka ga ya ƙaru?"

"Na ɗauka maganin zai ci," ya ce, muryarsa ta sauka. "Wallahi na ɗauka zai ci. Sau nawa na ga ya ci."

"Na uku?"

Ya ɗago, fuskarsa ta canza, ta ga wani abu da ba ta taɓa gani ba a ciki. "Kin tsaya a gaban yaran da na horar kin ce aikina ya tsufa. Wata ɗaya tak, sai in ɗauki biro in rubuta da hannuna cewa Farfesa ta yi gaskiya, a kan samfurin yayanta? Na uku kuwa, in na rubuta, likita zai tambayi na farko da na biyu. Me zan ce masa?"

Auta ta dube shi. Ta so ta yi ihu, ta so ta watsar da alƙaluman nan, amma abin da ya fito daga bakinta a hankali ya fito.

"Ka ce yayana ɗanka ne."

"Ban nufe shi da sharri ba."

"Ai ba shi ka nufa ba. Ni ka nufa. Shi ƙafarsa ce kawai ta shiga tsakani."

Ta ɗauki farantin ta fita.

Ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Ta je ɗakin maza ta roƙi Sista ta kankaro mata daga can ƙasan ramin, ba daga sama ba. Tela yana barcin zazzaɓi, bai ma motsa ba. Ta dawo ta shafa a gilashi, ta busar, ta zuba rini, ta sa a ƙarƙashin madubin na'ura. Ta murza maɓallin na'urar har hoton ya fito sarai. Ga su nan. Zaruruwa dogaye sun sarƙe kamar zaren da ya cakuɗe a ƙasan keke, a jikin kowanne ƙananan ƙwayoyi shuɗi-shuɗi sun yi cincirindo. Abin da ta zana a allo ranar taro, ana hamma. Ba ta ji daɗin gaskiyarta ko kaɗan ba.

Likitan tiyata ta samu a ofishinsa bayan azahar, yana cin biskit a tsaye, hoton ƙashin ƙafa a jikin fitilar bango. Ta san ƙafar. Ta ja shi har ɗakin gwaji, ya sunkuya a kan na'urar ya daɗe bai ɗago ba. Sannan suka koma ofis ya rufe ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun samfurin farko, Likita. Mako biyar."

Ya shafa kansa. Ya nuna mata hoton da bayan biro. "Na safiyar yau ne. Kin ga nan, da nan? Ya shiga ƙashi. Da na ga gilashin nan naki mako huɗu da suka wuce, da ban zauna ina canza allurai ba. Da na shiga da shi tiyata na kankare har sai na ga lafiyayyen nama, na haɗa masa da maganin yis. Ba zan rantse miki cewa da ƙafar ta tsira ba, suga ma yana nasa aikin. Amma da mun gwada."

"Yanzu fa?"

"Yanzu gobe da safe. Yatsun duka, har tsakiyar tafin. In na yi sa'a na bar masa dunduniya. In na ƙara jira, gwiwa za mu yi magana."

Auta ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Zan rubuta ƙara," ta ce. "Littafinsa na nan, rubutunsa ne. Ina so ka sa hannu a kan abin da ka faɗa mini yanzu."

Likita ya mayar da biro aljihu. "Ƙanwata, ji nan. Saura wata biyar tsohon nan ya ajiye aiki. Rabin asibitin nan shi ya koya musu karanta sakamako, har da ni. Za mu gyara tsarin a hankali, in ya tafi. Ki bar maganar nan a ɗakin nan."

"A hankali. A wata biyar ɗin ƙafa nawa za ta bi ta bencinsa?"

"Kuma kada ki manta, ke ma kin taɓa samfurin ɗan'uwanki. Wannan a rubuce take. In aka buɗe fayil, da naki za a fara."

Ya faɗa da taushi, kamar mai ba da shawara. Haka ake yi a wuraren nan: ba wanda zai ce maka ƙarya kake yi, sai dai a nuna maka inda kai ma za a kama ka, a jira ka yi hankali. Ta miƙe ta ce ta gode.

Da la'asar Likita ya zo gado na shida da takardar amincewa, ya yi bayani a taƙaice, ya ajiye ta a kan durowa ya ce zai aiko a karɓa. Matar Tela ta toshe bakinta da gefen mayafi. Tela ya daɗe yana kallon ƙafar da aka naɗe, sannan ya sauke numfashi.

"To. Haka Allah ya so. Ku daina kuka, ba mutuwa aka ce ba." Ya juya ga ƙanwarsa. "Auta, kun yi iya yinku. Ki yi mini godiya wurin Oganki. Bawan Allah, sau biyu yana zuwa duba ni, har da lemo. In na tashi zan ɗinka masa riga, ko da ƙafar hagu ce."

Ta yi niyyar ta bari sai bayan tiyata. Ta shirya hakan tun a baranda. Amma maganar rigar ta hana ta jira.

"Yaya, kada ka gode masa."

Ta gaya musu. Ba ta yi amfani da kalmomin ɗakin gwaji ba. Ta ce cuta biyu ce a ƙafar, sun haɗa kai, ɗaya tana ɓoye ɗaya. An gani tun farko, an soke, an yi mata ƙarya. Likita yana yaƙi da ɗaya bai san da ɗayar ba. Ta faɗi maganar taro, da abin da ta faɗa a gaban mutane. Ba ta rage nata ba.

Matar Tela ce ta fara magana. "Wato faɗanku ne? Faɗanku na 'yan boko kuka yi a kan ƙafar mijina?"

"Anti..."

"Kada ki ce mini Anti."

Tela ya ɗaga hannu, ta yi shiru. Mutumin gado na biyar ya juya musu baya, ya ja bargo.

"Kin ce sau uku kika tambaye shi," in ji Tela.

"Sau uku, Yaya."

"Kina da ido, kina da karatun. Farantin yana ɗakin da kike wuni. Me ya hana ki leƙa?"

"Doka ta hana. Kuma na yarda da shi."

"Yau dokar ba ta hana ki ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki takardar, ya nemi biro, ita ta miƙa masa nata. Ya sa hannu a hankali, irin yadda yake yi wa yadi alama kafin ya yanka.

"Shi ban san shi ba, Auta," ya ce, bai dube ta ba. "Ke na sani."

Washegari da hantsi aka turo shi daga tiyata. Likita ya biyo gadon, hular tiyata a kansa, ya ce an samu dunduniya, an kuma fara maganin yis. Ya ɗaga wata ƙaramar kwalba mai jan murfi da ke kwance a gefen katifa, naɗe da takardar gwaji. Ɗan nama ne daga bakin inda ya yanka. Abin da aka gani a cikinsa shi zai nuna ko an tsaya nan, ko sai an ƙara hawa sama. Ya ce wani daga cikin dangi ya kai ɗakin gwaji yanzu, ya wuce.

Tela ya farka, idonsa ja, leɓunansa a bushe. Ya dubi zanen da ke rufe da shi, inda tudun dama ya ƙare tun kafin na hagu. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki kwalbar.

"Wa zai duba?" ya tambaya, muryar a dashe.

"Ni, Yaya. Ni da kaina. Ba zai taɓa ba."

"A'a."

"Yaya, na san abin da zan nema."

"Ba shi ba, ba ke ba." Ya juya kai ga matarsa. "Ɗauki. Tambayi Sista inda ake da wani ɗakin gwajin a garin nan, ko ina ne. Ki kai da hannunki."

Matar ta ɗauki kwalbar ta riƙe a ƙirji. Sista, wadda ta ji komai tana gyara ledar ruwa, ta faɗi sunan titi da hawa na nawa, a karon farko muryarta ba ta wuce gadon ba.

Auta ta bi matar yayanta har bakin ƙofar ɗakin.

"Ki ba ni takardar kawai," ta ce. "Layi ɗaya zan ƙara. In ba a rubuta a nemi yis ba, a kuma ajiye farantin kwana biyar, can ma za su iya jefarwa. Don Allah. Ba don ni ba."

Matar ta waiwaya ta dubi gado na shida. Tela ya rufe ido. Sai matar ta warware takardar daga jikin kwalbar ta miƙa mata, kwalbar kuwa ta mayar da ita bayanta. Auta ta dafa takardar a bango ta rubuta da manyan baƙaƙe. Ba ta gama ɗaga biron ba matar ta zare takardar, ta nufi matakala.